Ranar da Muka Kai Inna Ƙofar Meri

Lakol ɗina, wato karatun boko, a aji shida ya tsaya. Na faɗi jarrabawar satifika, mushe, malamin ajinmu, ya gaya wa babanmu kaina ya fi dacewa da bin awaki, babanmu kuma bai musa ba. Har yau awakin nake bi, ina saye a kasuwar Cadakori ina sayarwa a Gidan Rumji. Yayana shi ne ya kai kolej, shi ne mai faransanci, shi ne kuma ya zama konsaye, wato ɗan majalisar komin ɗinmu.

Bari in faɗi yadda abin yake, don mutanenmu da yawa suna dangwala yatsa ba su san me suka dangwala wa ba. Komin ƙauyuka ne da yawa aka haɗa, aka yi musu buro ɗaya, wato ofis, a babban gari, shi ne meri. Ranar zaɓe ba mutum kake zaɓa ba, alamar parti kake zaɓa, parti ce ta jera mutanenta tun kafin ka zo. Waɗanda suka samu kujera su ne konsaye. Su kuma su shiga ɗaki su zaɓi mer, magajin gari, daga cikinsu, su zaɓa masa mataimaki na ɗaya da na biyu. Sarkin kanto, basaraken yankin, yana zama tare da su, yana magana in ya so, amma ba shi da ƙuri'a. Furefe, wakilin gwamnati, yana sama yana duba ko sun taka doka. Ba sa zama kullum, jefi-jefi ne a shekara, amma in sun zauna su ke faɗin harajin kasuwa, su ke faɗin ƙauyen da za a haƙa wa rijiya da wanda zai ci gaba da shan tabki, su ke faɗin inda za a gina aji. In suka ɗaga hannu a kan abu, ya zauna. Kai da ka zaɓe su sai dai ka ji a bakin mai shayi.

A zamansu na farko da yayana yake ciki, suka ɗaga hannu a kan mayar da kasuwar dabbobi yammacin ƙauyenmu. Filin da suka zaɓa ya haɗa da gamanar Inna, 'yar gonar da babanmu ya yanka mata tun tana amarya. A nan ne take shuka wake da kuɓewa da yakuwa, da ita ta yi mana riguna, da ita ta aurar da ƙanwarmu bayan babanmu ya rasu. Yayana ya zo ya durƙusa ya yi mata dogon bayani, ya ce rinjaye ne, ko da ya ƙi abin zai wuce, ya ce an ba ta wani fili madadin nata. Ta bari ya gama, sannan ta tambaye shi abu ɗaya.

"Kai ka ɗaga hannu?"

Ya ce ya ɗaga.

Daga ranar ba ta sake amsa gaisuwarsa ba. In ya aiko da hatsi ta mayar. In ya shigo gida ta juya fuska ga danga ta ci gaba da tsince wake. Filin da aka ba ta, wani tudun rairayi ne can nesa da ko ƙaya ba ta son tsirowa a kai, ba ta taɓa taka shi ba. Ni kuwa haushi ya sa na koma ɗaya partin a fili, har hularsu na sa ina yawo da ita kasuwa-kasuwa. Ba don sun fi kirki ba. Don dai ya gani.

Da aka sake zaɓe ya sake samun kujera. Wannan karon ɓangarori biyu suka tashi kusan daidai, mutum ɗaya ne tsakaninsu. To a wajenmu in aka yi haka, ɓoye konsaye ake yi. Kowane ɓangare ya kwashe nasa ya kulle su a wani gida har ranar zaɓen mer, don kada abokan hamayya su saye ɗaya ko su sace shi. Ɓangaren yayana akwai wani Alhaji, ɗan kasuwar hatsi da taki, wanda shi ke ɗauke da partin a yankinmu ko da yake bai taɓa tsayawa takara ba. Shi ya zuba su a mota ya kai su wani gidansa a Maraɗi, ya karɓe wayoyinsu, ya sa kowa ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani, ya rantse ba zai fita ba, kuma ba zai ba kowa ƙuri'a ba sai mutumin da aka tsayar, har a gama zaɓen mer.

Bazara ce, irin wadda kaji ke buɗe baki a inuwa. A cikinta Inna ta kwanta. Muka kai ta likita, majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya duba ta, ya ja ni gefe ya ce mu mayar da ita gida mu ba ta duk abin da ranta ke so. Na gane.

Da safe ta kira ni. Muryarta ta zama kamar ana jan kara a ƙasa. Ta ce in je in kira yayana, ba ta son ta tafi da wannan abu a ƙirjinta. Na ce mata yana kulle, amma zan je in gaya masa ta yafe. Ta girgiza kai.

"Da hannunshi ya yi, gaban mutane. Da bakina zan yafe mishi, yana gabana. Tahi ka kira shi."

Na hau kabu-kabu zuwa bakin kwalta, na shiga mota zuwa Maraɗi. Gidan ɓuyan bai yi wuyar samu ba. Duk unguwar ta san shi, don kullum ana ganin tiren shinkafa da kaji suna shiga. A ƙofa na tarar da mai gadi da wasu ƙarti biyu na parti suna dafa shayi. Na yi sallama, na faɗi ko ni wane ne, na ce uwar konsaye wane tana bakin mutuwa tana kiransa.

Suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce jiya ma uwar wani ta rasu, shekaranjiya matar wani ta haihu 'yan biyu, tun da aka kulle gidan nan dangin konsaye ba su daina mutuwa da haihuwa ba. Ashe dabara ce sananniya. An taɓa fitar da wani konsaye da labarin rasuwar ƙarya, aka zaga da shi daji har aka gama zaɓe. Ɗayan ya ƙare mini kallo ya ce ai ya san ni, ni ne mai awakin nan mai hular 'yan adawa, ya tambaye ni ina na baro hular yau, ko wanki aka kai ta. Mai gadi, wanda ya kai sa'ar babana, ya ce in tsohuwar ta cika in dawo in gaya musu, za su yi mata fatiha kyauta.

Ban tafi ba. Na zauna a gindin katanga, rana tana bina ina matsawa, har la'asar, sai ga Alhaji a mota. Shi bai yi dariya ba. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi jikin tsohuwa, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi. Ladabinsa ya fi dariyar ƙartin nan ciwo. Ya ce in duba, mutum ɗaya ne tsakani, in mutum ɗaya ya fita komin gaba ɗaya ta tafi, da rijiyoyinta da kasuwanninta, har shekara biyar. Ya ce amma shi ma ɗa ne, zai bari mu gana a zaure, yana tsaye.

Yayana ya fito cikin sabuwar shadda, ya yi ƙiba a 'yan kwanakin nan, da tsinken sakace a baki. Na gaya masa abin da majo ya ce da abin da Inna ta ce, kalma da kalma. Ya cire tsinken. Ya dubi Alhaji, ya dubi ƙasa, sannan ya dube ni.

"Da gaske ne, ko su sunka aiko ka?"

Uwa ɗaya ta haife mu. Na ce masa in ƙarya nake kada Allah ya mayar da ni gida. Sai idonsa ya kawo ruwa, ya fara maganar rantsuwa, ya ce da alwala ya dafa Alƙur'ani, in ya fita zai ci shi. Na ce malamai sun ce rantsuwa tana da kaffara, ni zan ciyar, ni zan tufatar, ya taso mu tafi. Ya ce ban gane ba. Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya ce gobe da hantsi za a kawo su meri, zaɓen mer kuwa bai kai dahuwar tuwo ba, ana gamawa shi da kansa zai kai shi ƙauye da motarsa. Alhajin ya juya zai shiga, sai ya waiwayo da ɗan murmushi ya ce in mun matsu ƙwarai, ai sai mu kawo ta can.

Ba'a yake yi. Ni kuwa na ɗauko maganar na kawo gida kamar yadda aka faɗa.

Inna ta saurara ido a rufe. Da na kai kan maganar Alhaji ta buɗe ido ta ce a ɗaura wa sanmu amalanke da asuba. Ƙanwarmu ta yi kuka, ta ce hanyar za ta kashe ta, ta ce ni ba ni da hankali da na faɗa mata. Inna ta ce ko a gida ma tafiya za ta yi, gara ta tafi tana kan hanyar ɗanta.

Bayan sallar asuba muka shimfiɗa katifa a amalanke, muka kafa sanduna muka yafa zane ya zama rumfa. Ƙanwarmu ta hau ta ɗora kan Inna a cinyarta, ni na kama igiyar sa. San ya rame da rani, ƙafafun amalanken suna nutsewa a rairayi, wani wurin sai na sa kafaɗa na tura. Duk ramin da muka faɗa sai in ji nishinta a bayana. Ban waiwaya ba, don in na waiwaya zan juya.

Da hantsi muka isa. Jandarmomi sun ja igiya sun zagaye meri, mutane sun cika fili, makaɗa na jira a gefe su ga wanda za su yi wa kiɗa. Na tsayar da amalanke a ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro da ke fuskantar ƙofa, yadda duk wanda ya sauka daga mota dole ya gan mu.

Ban san labari ya riga mu isowa ba. Kafin in kwance sa, mutanen partina sun kewaye mu, kowa da hularsa. Wani ya kawo ruwan leda mai sanyi, wani ya kama yi wa Inna fifita, suna ta sannu Iya, sannu Iya, mutanen da ba su taɓa zuwa gaishe ta ba. Babbansu ya ja ni gefe ya raɗa mini cewa in yayana ya sauka in ɗaga ta zaune ya gan ta, in ƙwala masa kira. In ya matso, akwai mota a bayan masallaci da za ta kwashe shi da ita zuwa babban likita a Maraɗi, kafin su dawo an gama komai. Na ce masa ya kwashe karnukansa daga kan uwata. Ya yi murmushi ya ce zafin rai ba naka ba ne yau, suka ƙi motsawa.

Saboda haka da motar Alhaji ta tsaya, abin da suka gani shi ne amalanke a tsakiyar hulunan abokan gaba. Na ji ƙaton jiya, mai tambayar hula, yana gaya wa ɗan'uwansa da ƙarfi cewa ga shi nan, har gawa sun yi haya sun kawo. Konsaye suka sauko ɗaya bayan ɗaya, kowane da mutum biyu riƙe da hannuwansa kamar abokan ango. Yayana ya gan mu. Ya tsaya cak. Ƙanwarmu ta ɗaga kan Inna kaɗan. Na ga bakinsa ya motsa, sai na bayansa ya sa masa ƙirji, suka wuce da shi ciki, aka rufe ƙofa.

Wani jandarma da ya ga abin da ke cikin amalanken ya bar ni na ƙetare igiya na tsaya a taga. Nan na ga majalisar da idona. Bencina ne irin na lakol, ɓangare nan, ɓangare can. Furefe ya buɗe zama ya karanta doka, sannan ya miƙa wa konsayen da ya fi kowa tsufa ya shugabanta, wanda ya fi kowa ƙuruciya yana rubutu. Sarkin kanto na kan kujera mai laushi yana gyangyaɗi. Kafin a fara komai sai wani ya tashi ya tayar da gardama a kan ko wani konsaye ya cancanci zama, aka shiga faransanci, rabin ɗakin ba su ji ba amma suna gyaɗa kai. Alhaji yana ɗaya tagar, a waje kamar ni, gumi ya jiƙe masa wuya. Ba shi da kujera a ɗakin, amma duk wanda zai buɗe baki a ɓangarensa sai ya fara duban tagar.

Na yi ta kai da kawowa tsakanin taga da amalanke. Duk zuwan da na yi Inna sai ta ce, sun gama? In ce saura kaɗan. Ƙanwarmu tana jiƙa bakin zane tana shafa mata a leɓe. Inuwa ta gudu, muka ja amalanke muka bi ta.

Aka fara kiran suna. Kowa ya shiga bayan labule ya fito ya jefa a akwati. Da aka ƙirga sai aka tarar wani ya ɓata tasa, ko da gangan ko da jahilci, babu wanda ya samu rinjayen da doka ke so. Aka ce a sake. Aka sake gardama, aka sake kiran suna daga farko. Tuwon Alhaji ya daɗe a wuta.

Gab da azahar aka ƙirga na biyu, mutumin Alhaji ya ci. Makaɗa suka saki ganga, 'yan hula suka watse daga gindin dogon yaro kamar an kora su, har mai fifitar ya tafi da maficinsa. Na cusa kaina a taga. Yayana yana benci na biyu, kusa da ni ƙwarai.

"Yaya, an zaɓi mer. Rantsuwarka ta sauka. Hito, tana da rai."

Ya ji ni. Ya juyo ya dube ni sosai, ya ɗaga tafin hannu, alamar in dakata. Na ɗauka akwai wata doka da ban sani ba. Na tambayi wani mushe da ke tsaye kusa da ni ko an hana fita ne. Ya ce a'a, ga wani can ma ya fita kama ruwa. Saura dai zaɓen mataimaka, na ɗaya sannan na biyu, kowane da nasa kiran suna, kuma kowa ya san kujerar mataimaki na biyu yayana aka yi wa alkawarinta. In ya fita yanzu, ana iya ba wani.

Na koma amalanke. Inna ta ji ganga, ta ce ai ga shi sun gama, mi ya hana shi? Ƙanwarmu ta mintsine ni a hannu. Na ce mata an gama na mer, ya tsaya ne a zaɓe shi mataimaki. Ta tambaye ni ko riƙe shi aka yi. Na ce ba wanda ya riƙe shi.

Ta lumshe ido, har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Sannan ta ce, a hankali amma sarai:

"Juya san nan."

Ƙanwarmu ta roƙe ta, ta ce saura kaɗan, Inna, mun riga mun zo. Inna ta juya fuskarta ga katakon amalanke. Na ɗaura sa, na ja muka bi ta cikin masu rawa muka fita gari.

Ba ta sake magana ba. A wani kwari da hanya ke ratsa busasshen rafi, ƙanwarmu ta ce in tsaya. Na tsaya. Ta yi mata kalmar shahada a kunne, ta shafe mata ido, ta ja zanen rumfar ta rufe ta.

Muna nan tsaye sai ga motar Alhaji ta taso da ƙura. Ya cika alkawari, ya kawo shi da kansa. Yayana ya diro tun motar ba ta tsaya ba, ya ga zanen, ya zube a rairayi da sabuwar shaddarsa ya kama ƙafar amalanke. Alhaji ya cire hula ya yi salati, ya ce Allah ya sa ta huta, ya ce likkafani nasa ne.

Da kukan ya lafa yayana ya ɗago ya tambaya ko ta bar magana. Ƙanwarmu ta yi sauri ta ce ta yafe, Yaya, tun a gida ta yafe, a hanya ma ta sake faɗa. Bai ko dube ta ba. Ya san ta, ko ɓarawo ta gani ana duka sai ta ce ɗan'uwanta ne. Ni ya duba.

"Kai nika tambaya. Ta faɗa?"

"Ba ta faɗa ba. Ta zo ta faɗa, ba ka hito ba. Abin da ta ce na ƙarshe, a juya sa."

Muka binne ta kafin magariba. Sabon mer ya zo gaisuwa da dukan majalisarsa, suka cika mana tabarmi, mutanen gari suna ta cewa tsohuwa ta yi sa'a, dubi manyan da suka zo mata.

Yayana ya yi mataimakinsa na biyu. Aikin bai wuce sa hannu a takardar haihuwa in mer da na ɗaya ba sa nan ba. Daga baya aka rushe majalisun baki ɗaya, ya dawo ƙauye yana noma kamar kowa. Liman ya yi mini magana, ƙanwarmu ta daina shiga gidana na wani lokaci, duk a kan in ce wa yayana ta yafe, wai me zai rage ni. Shi kuma duk sallah sai ya zo ƙofata, shi da yake babba, ya zauna mu gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce ko na tuna wani abu da ta faɗa a hanya, ko da ƙasa-ƙasa ne, ko da ban ji sosai ba. Nakan ce masa ni ke riƙe da igiya, kuma kunnena lafiya lau yake.